Ranar Da Nagode Ba Ta Yi Waƙa Ba

Rana ta riga ta haura kan rumbun Malam Zubairu, amma har yanzu shiru kake ji. Matarsa Kaltumi tana tsaye a ƙofar gida da fartanya a kafaɗa, ta karkata kunne wajen Tudun Gawo. A ƙofar da ke kallon tata, Zakiyya matar maƙeri ta goya ɗanta, ita ma ta tsaya cak. Duk layin haka yake, maza da mata, kowa da kayan gonarsa a hannu, ba wanda ya ɗaga ƙafa.

"Kaltumi, ko kin jiya, ni ce ban ji ba?" in ji Zakiyya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"Ko dai makara ta yi?"

"Yaya Nagode ce za ta makara? Tun da assalatu na ji ta jawo ƙyaure. Na ji takun takalmin robarta ta bayan katangata."

Zakiyya ta ƙara ɗaure goyonta.

Baƙo ba zai gane abin da ya daskarar da gari guda a ƙofar gida ba, sai an yi masa bayani. Tungar Jatau ƙaramin ƙauye ne kusa da Faru, a ƙasar Maradun. Gonar Nagode, yayar Kaltumi uwa ɗaya uba ɗaya, tana kan Tudun Gawo, kuma daga can kaɗai ake hango burtalin da ya fito daga daji, wanda ɓarayin daji ke biyowa da baburansu. Nagode ita kaɗai ce Kirista a garin. Shekara talatin ke nan, duk safiya in ta hau tudun nan, kafin ta sari ƙasa sai ta ɗaga kai sama ta rera waƙar addininta, da wata irin murya mai kauri da ake ji har bakin rijiya. Da can mita ake yi. Har ƙara an kai wa Maiunguwa Jafaru, ta ce masa tudun na ubanta ne, makogwaron kuma nata ne.

Sai da duniya ta lalace aka san amfanin makogwaron nan. Shekara uku da suka wuce, wata safiya ta hango babura a burtali, ta kame bakinta ta gangaro ta kwazazzabo. Waɗanda suka lura da shirun suka gudu suka tsira. Mutum huɗu da suka tafi gona ba su lura ba, biyu ne suka dawo. Karo na biyu da ta yi shiru, ko kaza ba ta tsaya a garin ba, ɓarayin suka tarar da kango, suka kora shanu suka tafi. Ba wanda ya naɗa ta, ba a zauna an yi shawara ba, kuma ba a taɓa faɗa wa baƙo ba. Kawai dai ya zama in Nagode ta yi waƙa hanya lafiya, in ta yi shiru kowa ya yi ta kansa.

Maiunguwa Jafaru ya fito tsakiyar layi, hularsa a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Jama'a, fadama. Ku tahi a hankali, ban da kuka. A toshe bakin yara."

Wayyo, gudun da ba a yin ihu ya fi kowane gudu tsoro. Ba ka jin komai sai haki da sassarfa. Wata ta bar tukunya a kan wuta, wani tsoho aka saɓa shi a kafaɗa. Kaltumi ta ja hannun 'yarta Mufida mai tsohon ciki, Zubairu yana bayansu yana ta waiwaye. Suka kutsa cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama da ta fi mutum tsawo, ruwa har gwiwa. Kowa ya sami inda ya tsuguna.

Da numfashinta ya dawo, Kaltumi ta soma duba fuskoki. Sau biyun da suka wuce, Nagode tana riga kowa zuwa fadama, domin kwazazzabon tudun nan ya faɗo. Ana zuwa za a same ta zaune a kan tushen giginya tana zazzage ruwa daga takalmi, tana tsokanar maza da cewa sun fi mata gudu. Yau tushen giginyar ba kowa.

"Malam," ta taɓa rigar Zubairu. "Yaya ba ta iso ba."

"Tana tahe."

"Da tana tahe da ta riga mu."

"Na ce tana tahe, Kaltumi. Yi shiru."

Kaltumi ta koma ta tsuguna. Matsattsaku ya kama mata ƙwauri, ta ji shi, ba ta ko cire shi ba. Abin da ke cikin kanta guda ne: sun kama ta. Sun zagayo ta bayan tudu sun same ta da fartanya a hannu. Kuma ta san yayarta, ba za ta iya riƙe harshenta ba ko da bindiga a goshi. Za ta kalli yaron da ke riƙe da bindigar ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, ta ce uwarsa ta san yana nan?

Haka take tun suna yara. Tana budurwa ta bi mota zuwa Talata Mafara aikin shinkafa a gonakin ban-ruwa, ba da izinin kowa ba. Bayan shekara huɗu ta dawo da keke da Littafi Mai Tsarki a ƙunshe cikin ɗankwali. Tsohonsu Jatau, wanda shi kansa sai da girma ya kama salla, ya yi fushin kwana arba'in, sannan ya aika a kira ta saboda ba wanda ya iya dama masa fura kamarta. Ta auri wani malamin makaranta mutumin Bakura, suka yi shekara tara bai bar mata ɗa ba, ya rasu. Ta tattaro ta dawo, ta gina ɗaki jikin katangar Kaltumi, ta ce aure kuma ta ƙoshi. Ta sayi babur tana hawa da kanta, zane a ɗaure kamar wando. Tana da shekara sittin aka kama ta a kan tsamiya tana kaɗo 'ya'ya. Duk Kirsimeti sai ta jawo akuya har ƙofar Zubairu ta ce, "Suruki, zo ka yanka da hannunka, kar wani ya ce mini ba ya ci." Da azumi kuwa ita ke yi wa masu jego kunu. Kafin hanya ta ɓaci, kowace Lahadi tana Talata Mafara wajen sujada a coci. Da hanya ta ɓaci, sai ta riƙa shimfiɗa buhu a gindin gawo, ta yi wa kanta wa'azi ta amsa wa kanta da amin.

Sau ɗaya suka taɓa ɓatawa sosai, kuma kan waƙar nan ce. Mufida tana 'yar shekara shida Kaltumi ta ji ta tana rera ta a bakin murhu, ta kai mata mari a baki har leɓe ya fashe. Ta zagaya ta sami Nagode ta zazzage mata, ta ce ta daina zuba wa 'ya'yan mutane abin da ba nasu ba. Nagode ta saurara har ƙarshe ta ce, "Auta, ni sama nake yi wa waƙa. Wanda ya tsinta a ƙasa, kunnensa ne." Wata guda ba su gaisa ba.

Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta take tsakar ka. Yara suka soma ƙugin yunwa, iyaye suna danna musu nono da tafin hannu. Mufida ta jingina da uwarta, leɓenta ya bushe, ƙafafunta sun kumbura a cikin ruwa. Kuma duk tsawon lokacin nan ba a ji ƙarar babur ba, ba harbi, ba hayaƙi daga gari. Wannan ya fi tayar wa Kaltumi da hankali. Ɓarayi ba sa zuwa su yi shiru haka.

Ta miƙe.

"Ina za ki?" Zubairu ya cafke mata hannu.

"Tudu."

"Ke haukacewa kinka yi? Kwanton ɓauna sunka yi, jira suke wani ya hito!"

"To sai su gan ni."

"Kaltumi, dubi ɗiyarki. In sunka kama ki, sunka matsa miki, nan za ki nuna musu."

Maiunguwa ya matso yana ratsa ruwa. "Ki yi haƙuri har la'asar, Kaltumi. Kin san abin da anka yi a ƙauyen can na gabas. Bindiga sunka ɗora wa mace a ƙeya, ta yi ta kiran mutane su hito lahiya lau. In kinka tahi, ko mi kinka kira ba mai amsa miki. Mun riga mun yi wanga alkawari."

"Na sani, Maiunguwa. Ban ce kowa ya biyo ni ba."

Ta zare hannunta. Wallahi ba jarumta ba ce. Ta dai kasa ci gaba da kallon tushen giginyar nan ne.

Ta bi kwazazzabo a sunkuye, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ba ta kai ƙarshenta take kama wata. Gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar, ko'ina kuma mutum zai iya kwanciya a ciki ba a gan shi ba. Wasu zabin daji suka tashi fuu daga gabanta, ta zube a ƙasa ta rufe kai, tana jiran harbi. Sai da ta ji fitsari ya ɗan zubo mata sannan ta gane zabi ne. Ta rarrafa, ta tashi, ta ci gaba.

Takalmin ta fara gani, ƙafa ɗaya, a kife tsakanin kunya biyu. Daga nan sai jan ciki a kan ƙasa, an bi ta kan gyaɗa an murƙushe ta, har gindin gawo.

"Yaya!"

Nagode tana kwance a kan gefenta na dama, fuskarta tana kallon burtali. Ba jini, ba rauni. Amma bakinta ya karkace gefe guda, yawu ya bushe a haɓarta, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar ba nata ba. Gawo kuwa, kowa ya sani, da damina yake zubar da ganye. Inuwar da ta ja ciki ta zo nema babu ita, rassa ne tsirara. Tun safe rana take dukanta a nan.

Kaltumi ta ɗago kanta ta ɗora a cinya, ta ware mayafi ta kare mata rana. Ta waiga burtali. Fayau, ba kowa, sai balbelu suna kiwo.

"Au... ta." Maganar tana fita da ƙyar, ta gefen baki.

"Ga ni, Yaya. Ga ni. Mi ya same ki?"

"Ba... kowa." Nagode ta ɗaga hannun hagu ta nuna burtali. "Tun sahe... ba kowa. Na buɗe baki... ya ƙi."

Nan Kaltumi ta gane, kuma ganewar ta fi mata ganin ɓarayi ciwo. Ba wanda ya zo. Ciwo ne ya kayar da ita kafin ta fara waƙa. Shirun da suka ji na neman taimako ne, su kuwa gari guda suka juya mata baya suka ruga fadama, suka bar ta awa shida a rana, tana kallon hanyar da ba kowa a kanta.

"Mun gudu, Yaya," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Mun gudu mun bar ki."

"Mu...fida?"

"Tana cikin ruwa."

Idon Nagode na hagu ya buɗe sosai. "Da ciki? Hito... da su."

Kaltumi ta kwantar da ita ta ruga bakin tudu. Ta kwarara kira har muryarta ta dushe. "Malam! Maiunguwa! Ku hito, ba kowa! Yaya ce ba lahiya! Ku kawo amalanke!" Ta kaɗa ɗankwali, ta yi tsalle. Fadama tana can ƙasa, kore, ko ciyawa ɗaya ba ta motsa ba. Suna jin ta sarai. Ta san yanzu Zubairu ya dafe kai yana cewa sun kama ta. In ta sauka da ƙafa ta rarrashe su, ta dawo da maza, wata awa ce, kuma numfashin da ta ji a ƙirjin yayarta ba na awa ba ne. Ɗaukarta ita kaɗai kuwa ba zai yiwu ba, Nagode ta yi biyunta.

Ta dawo ta durƙusa. "Sun ƙi, Yaya. Sun ɗauka bindiga ce a bayana."

Nagode ta dube ta. Gefen bakin nan mai rai ya ɗan motsa, irin motsin da yake yi in za ta tsokani mutum.

"Kin... iya ta."

Kaltumi ta gane waƙar take nufi. Kira kam ɓarawo zai iya sa mutum ya yi. Waƙar nan kuwa ba ɓarawon da ya san da ita, sirrin garin ce, ita kaɗai za su yarda da ita. Kuma gaskiya ne ta iya ta. Wa bai iya ta ba a Tungar Jatau? Shekara talatin tana shiga kunnenta tana wanke-wanke. Amma ita ce waƙar da ta fasa wa 'yarta leɓe a kanta, kuma akwai wuri guda a cikinta da harshenta ba zai iya furtawa ba, ko za a yanka ta.

"Akwai inda ba ni iya hwaɗi, Yaya. Kin sani."

"Bar mini... wurin."

Kaltumi ta zauna ta tallafo ta, ta jingina kanta da ƙirjinta, suka fuskanci fadama. Ta share majina, ta ja numfashi. Muryarta siririya ce, ga ta a dushe, ta fito a karkace.

"Na kwanta, na tashi..."

Ta tsaya, ta rufe baki. A ƙirjinta ta ji Nagode ta tattara duk abin da ya rage mata.

"Ye...su."

"...na gode," Kaltumi ta ɗauka, ta ƙara ɗaga murya.
"Wanda ya tsare dare, shi zai tsare rana.
Ko sama ta yi baƙi, ko ƙasa ta girgiza,
Hannun da ya riƙe ni bai gaji ba."

Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Duk inda ta zo wurin sai ta yi shiru, Nagode ta cike. A zagaye na uku Nagode ta ja mata zane da hannun hagu.

"Murya... kamar... ƙyauren kwano."

Kaltumi ta yi dariya da kuka a haɗe, ta ci gaba. A zagaye na huɗu kacala ta motsa. Mutum ɗaya ya fito, da farar riga jiƙe da laka, ya tsaya ya kare ido da hannu. Zubairu ne. Sai ga shi ya kwasa da gudu ya nufo tudu, maza suka ɓarke a bayansa, mata suna fitowa da yara a kafaɗa.

A amalanken shanu aka kai Nagode Faru, aka sami mota zuwa Maradun. Kanta yana kan cinyar Kaltumi, Zubairu yana riƙe da ƙafafunta, har yanzu da takalmi ɗaya. Ba ta sake magana ba. Sun hango rufin kwanon gidajen Maradun ke nan Kaltumi ta ji nauyin kan ya sauya. Ta sa hannu ta rufe mata ido, ta ce wa direba ya rage gudu.

Ma'aikacin asibitin da ya duba ta ya tambaye su ƙarfe nawa ta faɗi. Da aka gaya masa, ya dubi agogonsa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Zubairu ya sunkuyar da kai ya fita waje.

Washegari aka binne ta a Talata Mafara, a maƙabartar Kiristoci. Matan zumunta na coci suka zo da zane iri ɗaya da tulunan kiɗansu, har da dangin mijinta daga Bakura. Abin da ya ba su mamaki shi ne mota biyu da suka zo daga Tungar Jatau, ta kan hanyar da ba mai bin ta sai dole. Maiunguwa Jafaru da maza ashirin da wani abu suka tsaya a wajen katangar coci, cikin rana, har aka gama. An kawo musu benci a inuwa, Maiunguwa ya ce a bar su a nan.

Kwana biyu ba wanda ya je gona. Ciyawa kuwa ba ta jiran makoki. A rana ta uku da safe Kaltumi ta leƙo, ta ga layin kamar ranar nan: kowa a ƙofar gidansa da fartanya, an karkata kunne wajen tudu don sabo, sannan a tuna a sauke kai. Zakiyya ta dube ta, ta yi saurin kawar da ido.

Kaltumi ta koma ciki. Takalman robar Nagode suna jingine a bayan ƙyaure, an haɗa su biyu. Ta zura ƙafa, sun yi mata yawa, ta cusa tsumma a ciki. Zubairu yana zaune a kan turmi yana kallonta.

"Kaltumi..."

"In kun ji shiru," ta ce, "ku tahi fadama. Amma a turo mutum ɗaya ya duba."

Ta hau tudun ita kaɗai, tana tsayawa duk taku goma tana saurare. Fartanyar Nagode tana nan a kafe a kunyar da ba ta gama ba. Kaltumi ta tsaya a gindin gawo ta duba burtali tun daga bakin daji har gangare, ta sake dubawa. Balbelu ne kawai.

Ta ja numfashi ta fara. Da ta zo wurin ta rufe baki, ta jira daidai tsawon sunan. Iska ta wuce ta cikin rassan gawo. Sannan ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma can ƙasa mutane suka soma fitowa ɗaya-ɗaya, da fartanyu a kafaɗa.